Yadda dillalin gidaje zai gane lokacin sake gina shafinsa na intanet ya yi

Dillalan gidaje da filaye na Garwa da Marwa da Ngaundare, a Arewacin Kamaru, da suka kai ga buɗe shafin intanet, yawancinsu hanya ɗaya suke bi su yi asarar kuɗi. Shafi ya shekara biyu ko uku, kira ya ragu, sai wani yaro mai kwamfuta ya zo ya ce, "Alhaji, shafin nan ya tsufa, a sake shi." A biya, a canza launi, a ɗora hoton wani dogon bene da babu irinsa a duk Arewa. Bayan wata uku waya na nan shiru yadda take. Launi da tsufan kama ba sa cikin dalilan rushe shafi. Dalilan gaske kaɗan ne, kuma kai da kanka za ka iya gano su kafin ka ba kowa ko sefa ɗaya.

Ka fara da waya, amma ba taka ba. Ka ari ta yaron shagonka, irin Tecno ko Itel ɗin da ta sha hannu, ka kashe wifi, ka bar ofis. Ka je inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke wasa, kamar can ƙarshen Jambutu ko bayan Dang, ka buɗe shafin da MTN, ka sake buɗe shi da Orange. Kada ka gwada a kwamfutar wanda ya gina shi, can komai lafiya yake buɗewa. Mai neman gida da waya yake nema, kuma Google ma fuskar waya yake dubawa idan zai jera shafuka. A ma'aunin Google, babban abin da ke shafi ya kamata ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma akwai PageSpeed Insights, kyauta, da zai auna maka. Ni dai na fi yarda da idona: idan har ka ji kana so ka koma WhatsApp kafin hoton farko ya fito, baƙo ya riga ya tafi.

A nan sai ka rarrabe abu biyu. Idan nauyi ne kawai, galibi laifin hotuna ne. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait uku zuwa biyar, an ɗora ashirin a gida ɗaya ba a rage su ba. A matse kowanne ya dawo ƙasa da kilobait 300, magana ta ƙare, aikin yini guda ne. Haka idan Chrome na rubuta "Non sécurisé", wato babu tsaro, kusa da adireshin, abin da yake yi wa shafukan da ba su da https tun Yulin 2018. Takardar tsaron kyauta ake samunta daga Let's Encrypt, duk wanda ya ce sai an sake shafi dominta yana neman kuɗinka ne. Amma idan sai ka ware yatsu biyu kafin ka karanta farashi, ko shafin na zamewa gefe, ko ka taɓa lambar waya ba ta kira, to ginin ne tun asali ba a yi shi don waya ba. Rubuta wannan a takarda, shi ne dalili na farko na gaske.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi so ka zauna a kansa, don a nan na ga dillalai masu suna sun zube. Ka zaɓi gida ɗaya da aka riga aka sayar ko aka ba haya, wanda har yanzu yake kan shafin. Na san akwai. Ka cire shi da hannunka, daga wayarka, ba tare da ka kira kowa ba. Idan ka iya kafin shayi ya huce, shafinka na da sauran rai. Idan amsarka ita ce, "Ai sai na kira yaron," to ka tambayi kanka yaushe rabon da yaron da ya gina shafin ya ɗaga waya.

Labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ɗalibi ne ya gina shafin lokacin yana jami'a, da araha, da kyakkyawar niyya. Ya gama karatu, ya sami aiki a Yawunde ko Duwala, ya canza lamba ko aiki ya yi masa yawa. Tun daga ranar shafin ya tsaya cik. Gidan da aka sayar bara yana nan da farashin bara, filin da aka riga aka kewaye aka zuba tushe yana nan an rubuta na sayarwa. Yanzu ka ɗauki ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga kudu zuwa Garwa. Bai san kowa ba, yana da mako biyu ya sami inda zai sauke iyali. Ya ga gida a Marware a shafinka, ya kira, ka ce ai wannan ya tafi tuntuni. Ya tambayi na biyu, ka ce shi ma. Ba zai tambayi na uku ba, kuma idan abokin aikinsa ya zo bayansa, zai ce masa kada ya ɓata kiredi a kanka. Jarin dillali amana ce, ba shi da wani kaya a shago sai ita. Mutumin da zai turo maka kafin alƙalami ta Orange Money ko MoMo daga nisan kilomita dubu, bai taɓa ganin fuskarka ba, shafin nan kaɗai ne shaidarsa a kanka.

Akwai masu barin gidajen da suka tafi da gangan, wai don shafi ya cika ido, idan an kira sai su ce akwai wani makamancinsa. Wannan yaudara ce, kuma mutane sun gane ta. Gida takwas na gaske, kowanne da ranar da aka ɗora shi a rubuce, sun fi hamsin da rabi suka mutu.

Daga nan ka bi sawun makullai, guda uku ne. Na farko sunan shafin, wato adireshin da ka buga a kati da allon ƙofar ofis. Da sunan wa aka yi rajistarsa, kuma imel ɗin wa ake aika wa sanarwar sabuntawa? Haya ake yi, shekara-shekara ake biya, ko mai ƙarewa da .com ne ko .cm na Kamaru da ke ƙarƙashin hukumar ANTIC. Idan wa'adi ya wuce ba a biya ba, shafi ya ɗauke, in aka ƙara jinkiri wani na iya saye sunan, katunanka da allonka su koma nuna ƙofar wani. Na biyu ma'ajiyar da shafin ke zaune a kanta, ita ma biya ake yi. Na uku kalmar sirrin shiga ciki a ƙara ko a cire gida. Kai da kake sana'ar gidaje ba za ka yarda ka biya kuɗin gini makulli ya zauna a aljihun magini ba, to wannan ma haka yake.

Ka nemi yaron cikin mutunci. Sau da yawa ba mugunta ba ce, wani ma akwai ragowar kuɗinsa da ba a cika masa ba, ka cika masa. Ka buɗe imel da sunan kasuwancinka, wanda lambar wayarka ce ke maƙale da shi, ka roƙe shi ya mayar da rajistar sunan da ma'ajiyar can, ku yi shi tare ko da ta kiran bidiyo ne. Kada ka karɓi "zan turo maka" a matsayin amsa, a gama a zaune. Idan makullan suka dawo hannunka kuma ciki na da sauƙin sarrafawa, ka tsira da kuɗinka, sai share tsofaffin gidaje kawai. Idan ba a same shi ba, ko an gina shafin ta yadda sai mai rubuta lambobin kwamfuta ne zai iya canza farashi, wannan dalili shi kaɗai ya isa a sake gini, ko da shafin ya fi na kowa kyau a garin.

Mataki na uku ba ya buƙatar kwamfuta. Ka sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, wata guda kana rubuta tambayar farko da duk mai kira ko mai turo saƙon murya ya yi. Za ka ga tambayoyin ba su da yawa, maimaituwa suke yi. Filin na da titir fonsiye, wato takardar mallaka ta gwamnati, ko takardar jauro, wato mai unguwa, ce kawai? Ruwan Camwater na zuwa ko rijiya ce, ko burtsatse? Mitar wuta ta gidan ce ko ta haɗaka? Wata nawa ake biya gaba? Mota na shiga da damina? Ruwa na kwanciya? Wanda ya ga ambaliyar Binuwai ta 2012 a Garwa, ko ya san yadda kogin Mayo Kaliyawo ke cika a Marwa, ba zai sayi fili bai yi wannan tambayar ba.

Sai ka koma shafinka ka duba ko akwai gurbin waɗannan amsoshi. Yawancin shafukan da na gani an ɗauko ƙirarsu ne daga waɗanda aka yi wa Turai da Amurka. Akwai gurbin na'urar ɗumama ɗaki, da wurin ninƙaya, da lambar gidan waya, wani ma alamar dala ce a gaban farashi, amma babu inda za a rubuta matsayin takarda. Batun takarda kuwa shi ne kan gaba a ƙasar nan. Tun dokar filaye ta 6 ga Yulin 1974, titir fonsiye ne shaidar mallaka a hukumance, kuma cinikin fili mai titir sai ta hannun noter, jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, yake inganta. Shafin da ya jera fili mai titir da marar titir wuri ɗaya ba bambanci yana jawo maka rigimar da za ta kai ku gaban hukuma. A ganina wannan gurbi dole ne, a sama, kusa da farashi, kafin hoto na biyu ma.

Haka batun nema. Mutanenmu da unguwa suke neman gida: Rumde Ajiya, Yelwa, Pumpumre, Domayo, Pitoware, Baladji. Idan baƙo ba zai iya taɓa sunan unguwa ya ga abin da ke cikinta kaɗai ba, sai ya yi ta gungurawa, shafin bai san garin ba. Taswira ba ta maye gurbin wannan, don yawancin titunanmu ba su da suna a kanta, kwatance da masallaci ko gidan mai ya fi amfani. Rubutu kuma ya kasance da Faransanci, tunda shi ne ya haɗa ɗan kudu da ɗan Arewa da ɗan Chadi, Hausa da Fulatanci a bar su ga kira da saƙon murya. Idan a Kusuri kake, masu kiranka da yawa daga Njamena suke, tsallaken gadar Ngeli, don haka lambarka ta fara da +237, kuma maɓallin WhatsApp ya buɗe hira kai tsaye da sunan gidan a ciki. Idan ana iya ƙara waɗannan gurabe a shafin da kake da shi, a ƙara, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Idan mai gyara ya duba ya ce ƙirar ba za ta ɗauka ba, ka sami dalili na uku.

Wani abin da ke shiga nan shi ne idan sana'ar ce ta canza. Ka fara da ɗakunan ɗalibai a Dang ko kusa da jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, yanzu kuma rabin cinikinka filaye ne da shaguna. Shafin da aka tsara don ɗaki ɗaya da kuɗin wata ba zai iya nuna faɗin fili da murabba'in mita ba sai da dabaru.

Yanzu ka dubi takardarka. Nauyin hoto, gargaɗin tsaro, tsohuwar lamba, launin da ya gundure ka, duk gyara ne. Rashin dacewa da waya, rashin makulli, da ƙirar da ba ta ɗaukar bayanin da ake tambaya, su ne na sake gini. Idan babu ko ɗaya cikin ukun nan kuma kira ya ragu, matsalar ba ta shafi ba ce. Ka duba farashinka da hotunanka, ka haɗa shafin da Google Search Console, shi ma kyauta ne, ka ga ko ana ganinka ma tukuna. Wani dillalin ma, mai gida biyar ko shida a hannu, kundin kaya na WhatsApp Business da shafin Facebook sun ishe shi, kuɗin ginin ya sa a ɗaukar hoto mai kyau da safe kafin rana ta yi zafi.

Idan ka yanke shawarar sakewa, kada ka fara a Agusta ko Satumba, lokacin da ake komawa makaranta kuma masu canjin wurin aiki ke neman gida ido rufe. Ka bari kasuwa ta lafa. Idan sunan shafin na hannunka, kada ka canza shi. Ka ce wa mai ginin ya tura tsofaffin adireshi zuwa sababbi da abin da suke kira turawar 301, in ba haka ba duk mahaɗin da ka taɓa rabawa a WhatsApp zai mutu. Ni WordPress, manhajar gina shafi, nake ba da shawara, don kawai idan wannan ya tafi za ka sami wani a garin da ya iya shi. Rajistar suna da ma'ajiya da imel ɗinka, tun ranar farko, a rubuce cikin yarjejeniya. Kuɗi kashi uku: na fara aiki, na ganin samfuri a wayar nan da ka ara, na ƙarshe kuma sai ranar da kai da kanka ka ɗora gida ɗaya da hotonsa da farashinsa da matsayin takardarsa, ka canza farashin, sannan ka cire shi, mai ginin na zaune a gefe bai taɓa wayar ba.