Darasi na 9: Idan Man Shafawa Ya Daina Kashe Ƙaiƙayin Gaba

A ajinmu na mata a nan Sakkwato akwai wata dattijuwa da ba ta iya zama a kan benci ta natsu. Sai ta gyara zama, ta miƙe, ta koma. Ran nan da aka tashi, ta jira kowa ya watse, sannan ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini wani kwalin magani da ya sha matsa. Ta ce, "Malama, karanta min wanga. Da can shina yi min aiki, yanzu ko na shafa kamar ban shafa ba." A jikin kwalin an rubuta Clobetasol 0.05%. Na ce, "Inna, yaushe rabonki da likitan da ya rubuta miki shi?" Ta sunkuyar da kai ta ce an fi shekara biyu.

Cutar da ke damunta likitoci na kiranta laikin sikilerosus. Fatar gaban mace, wani lokaci har zuwa dubura, takan yi fari fat, ta yi siriri, ta riƙa tsagewa, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Ta fi kama matan da al'adarsu ta ɗauke da kuma 'yan mata ƙanana da ba su balaga ba. Mu a nan duk abin da ya taɓa gaba sai mu ce sanyi ne. To wannan ba sanyi ba ne. Ba a ɗaukarta wajen miji ko kishiya ko a bayan gida, ba kuma ƙazanta ke kawo ta ba. Masana sun fi danganta ta da garkuwar jiki da ke juyowa ta far wa fatar mai ita. Ba a raba mutum da ita gaba ɗaya, amma ana kwantar da ita har mace ta manta da zamanta.

Maganin farko shi ne man nan na Inna. Tsarin da aka fi bi shi ne a shafa kullum da dare har wata 1, sai a koma yau a shafa gobe a huta har wata 1, sannan sau 2 a mako a wata na uku. Ɗan kaɗan ake lakatowa, kamar ƙwayar wake. Gram 30 ya kamata ya kai wata 3. Bayan haka mata da yawa sukan ci gaba da shafawa sau 1 ko 2 a mako don kada ciwon ya dawo.

Kafin a ce magani ya gaza, sai an bincika dalili, kuma a ganina nan ne aka fi yin kuskure. Inna da ta ji sauƙi ta ajiye man, ba ta ɗauko shi sai ƙaiƙayi ya taso. Wata matar kuma kunya ke hana ta duba wurin, sai ta shafa a gefen cinya, ainihin farar fatar ba ta samu ba. Ƙaramin madubi yana gyara wannan. Wani lokaci wata cuta ce ta hau kan ta farko, kamar farin ruwa mai kama da kindirmo, wanda maganinsa daban ne. Ɗigar fitsari ma na cinye fatar, haka gumin bazara irin namu da zafi ke haura digiri 40. Ga sabulu mai ƙamshi, ga zama cikin ruwan bagaruwa ko alif, ga matsi da hakin maye. Fatar da ta riga ta tsage ba ta iya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu. Ruwa zalla da man Vaseline sun wadatar, tare da kamfai na auduga maras matsewa. Ga wadda al'ada ta ɗauke mata, bushewar gaba kan ƙara zafin, likita kuma yana iya haɗa mata da man estirojin, wato sinadarin jikin mace da ke raguwa idan al'ada ta ɗauke.

Akwai dalili guda da ya sa nake roƙon kowace mace ta koma asibiti. A cikin mata 100 masu wannan cuta, ƙasa da 5 kan kamu da sankarar fatar wurin, kuma kula da magani yana rage haɗarin. Gyambon da ya ƙi warkewa, ko ƙullutu, ko wurin da ya yi kauri ko yake zubar da jini, ba abin jira ba ne. Likita zai yi allurar kashe zafi ya ɗebi ɗan guntun fata a auna. Ana samun likitocin mata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. Idan kunya ce matsalar, ki nemi mace ta duba ki, ko ki tafi da 'yarki ko ƙanwarki.

Idan an tabbatar ana shafawa daidai kuma babu wata cutar, akwai sauran hanyoyi. Ana iya sauya man zuwa Mometasone. Inda fatar ta yi kauri har man ba ya ratsawa, ana yin allurar Triamcinolone a cikin fatar kanta. Sai man Tacrolimus ko Pimecrolimus, waɗanda ba dangin Clobetasol ba ne, ba sa kuma sa fata ta yi siriri. Sukan yi raɗaɗi a kwanakin farko, kada wannan ya sa ki jefar da su ba tare da kin gaya wa likita ba.

Magungunan sha sai ciwo ya yi tsanani. Acitretin da Methotrexate duk suna bukatar gwajin jini a kai a kai, duk kuma suna cutar da ɗan tayi. Wadda ta sha Acitretin dole ne ta guji ɗaukar ciki har shekara 3 bayan ta daina. Methotrexate sau 1 a mako ake sha, shan sa kullum na iya kisa. Ba maganin da za a aiki yaro kemis ya sayo ba ne. Za ki kuma ji ana tallar hasken leza ko allurar da ake tacewa daga jinin mutum. Suna da tsada, kuma har yanzu bincike bai nuna sun kai man shafawa ba.

Tiyata ba ta warkar da cutar. Ana yin ta ne idan tabo ya matse ƙofar har fitsari ko kwanciyar aure sun gagara, ko idan an ga sankara. Wannan aikin asibiti ne. Yankan gishiri a hannun wanzami sabon tabo zai ƙara a kan tsohon.

Aikin gida: Ɗauko kwalin magani ɗaya daga ɗakinki. Kwafi sunansa a littafinki harafi bayan harafi, da ranar da zai lalace, da lambar NAFDAC da ke jikinsa. Sannan ki zana kwanakin mako daga Lahadi zuwa Asabar, ki sa alama a kwana 2 da mai shafawa sau 2 a mako za ta zaɓa. Inna ta zaɓi Litinin da Alhamis, ta ce ranakun azuminta ne, ba za ta manta ba.