Yadda Ake Zaɓen Wuƙar Daji Ba Tare da Asarar Kuɗi Ba

Wuƙar daji, wadda ake shiga jeji da ita don sare reshe, fasa itacen wuta, feɗe nama da yanke igiya, ana samunta tun daga wajen dala 20 har sama da dala 500. Ta fuska biyu ake yin asara a nan: wani ya sayi ta banza saboda araha, wani kuma ya biya kuɗin suna alhali aiki yake nema.

Da farko ka tsayar da abin da za ka yi da ita. In aiki za ta yi, kada ka sayi wadda za ka ji tsoron kartawa. In ajiya ce, to lissafin daban ne, za mu zo kansa.

Na biyu, duba yadda ƙarfen ya shiga ƙota, don nan ne wuƙa ke karyewa. Mafi ƙwari ita ce wadda ƙarfenta ya ratsa ƙotar har ƙarshe. In ka juya ta za ka ga bakin ƙarfen tsakanin ɓarayin marikin biyu. Akwai masu siririyar wutsiya a ɓoye cikin ƙota, kuma ba dukkansu ne marasa kyau ba. Wuƙar KA-BAR, wadda sojojin ruwan Amurka suka karɓa a 1942, haka take, ga ta nan har yau ana ƙera ta a garin Olean na jihar New York. Wadda nake roƙonka ka guda ita ce mai ƙota kamar bututu, da ashana da ƙugiyar kifi a ciki, ana sayar da ita da arha. Guntun noti ne kaɗai ke riƙe da ruwanta, ranar da ka daka ta a kan icce ranar za ta rabu biyu, wataƙila har da yatsanka. Araha ba ta ado.

Na uku, tambayi sunan ƙarfen. Mai sayarwa da ya ce maka kawai "ba ya tsatsa" bai gaya maka komai ba. Ƙarfe mai lamba 1095, wanda kamfanin ESEE ke amfani da shi, yana da kusan kashi 0.95 cikin ɗari na sinadarin kabon. Yana ɗaukar kaifi, yana wasuwa da dutse cikin sauƙi, amma in ka mayar da shi kube da danshi za ka tarar da tsatsa. Sai an goge an shafa mai. Marasa tsatsa irin su 12C27 da VG10 sun fi dacewa da masunci ko mai shiga daji da damina. Taurin da ake so a HRC, wato ma'aunin taurin ƙarfe, yana tsakanin 56 da 60. Wanda ya gaza haka saurin dakushewa gare shi, wanda ya zarce da yawa kuma bakinsa na iya ɓantarewa. Wannan tauri daga gasa ƙarfen a wuta da tsoma shi yake fitowa, shi ya sa maƙerin da ya iya wuta kan fitar da wuƙar kirki daga tsohon sifirin mota, wani kuma ya lalata ƙarfe mai tsada.

Girma kuwa, ruwa mai tsawon santimita 10 zuwa 15 ya wadatar. Abin da ya fi haka aikin adda ne ko gatari.

Sai gwaji. Jiƙa hannunka ka kama ƙotar, ka ji ko tana sulɓi ko tana cin tafi. Riƙe takarda a tsaye ka ja wuƙar daga gindi zuwa tsini. Inda ta tsaya ta yage takardar, nan kaifin ke da matsala. Saka ta a kube ka kifa ka girgiza. Kuben da ke sakin wuƙa haɗari ne, kuma nan ne masu ƙera ta arha suka fi rage kuɗi.

Yanzu ka auna farashi. Morakniv Companion ta Suwidin wajen dala 20 ce, kuma ga fiƙe itace da aikin nama ta ishi mafi yawan mutane. Ni ita nake fara ba mai koyo shawara ya saya. Daga dala 80 zuwa 200 kake samun ƙarin kauri da ƙwari: Morakniv Garberg mai ƙarfe har ƙarshen ƙota, ESEE-4 da kamfanin ke sauya wa mutum ita in ta karye, da Fällkniven F1 wadda matuƙan jiragen yaƙin Suwidin ke ɗauka tun 1995. Abin da ya haura nan, ba ƙarin yanka kake saya ba, aikin hannu ne da suna da ƙarancin kaya.

Wannan shi ne fagen mai tarawa. Wuƙaƙen Randall da ake ƙerawa da hannu a Orlando, jihar Florida, sai mutum ya yi odar su ya jira shekaru, don haka wadda ke hannu takan fi farashin kamfani tsada. Mai irin wannan saye ya nemi kubenta na asali, ya duba tambarin da ke jikin ruwan, ya tambayi takardar saye. Kada ya wasa ta, kada ya goge ta da samfefa don ta yi ƙyalli. Darajarta yake kankarewa. Kada kuma ya ajiye ta cikin kuben fata tsawon watanni, fata na riƙe danshi.

Jabu ya cika kasuwar intanet, musamman na F1. In ka ga ana sayar da sabuwa a kan rubu'in kuɗinta, wuce abinka. Haka masu zanen igiyar ruwa da ake kira ƙarfen Dimashƙa: da yawa zanen a saman ƙarfen kawai aka yi shi, ka duba ko ya bayyana a gadon bayan ruwan. Kafin ka biya kuɗin wadda za a aiko daga waje, ka haɗa kuɗin jigila da na kwastan cikin lissafi, ka kuma bincika dokar yawo da wuƙa a inda kake zaune.