Yadda ake zaɓen kalmar Ingilishi ta ƙololuwa da ta fifiko

Ɗalibin da ya fara Ingilishi a koleji nan Maraɗi da ɗan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, wuri guda suke tuntuɓe. Bahaushe da "fi" yake auna tsawo da kuɗi da gudu da ilimi, da "bisa" ko "kai" kuma yake nuna saman kowane abu. Ingilishi ya raba wannan aiki ga kalmomi da dama. Kafin ka zaɓi ɗaya, tambayi kanka: abin da nake magana a kai, wuri ne, adadi ne, mutum ne, ko abin da ke tafiya?

Fara da "top". Ita ce ta yau da kullum, kuma in ka rasa wadda ta dace, da wuya ta ba ka kunya. Sai dai ka kula da ƙaramar kalmar da ke gabanta. Buhun da aka ɗora bisa mota yana "on top of the car", wato a kanta yake zaune. Sunan da ke farkon takarda yana "at the top of the page", wato cikin takardar yake, a sashenta na sama. Ɗalibar da ta zo ta ɗaya kuwa ita ce "top of the class".

"Peak" da "summit" duk ana faɗinsu ga dutse. Ƙololuwar Idukal-n-Tages da ke duwatsun Bagazan, mai tsawon mita 2,022, wadda babu wurin da ya kai ta tudu a Nijar, kowacce ka kira ta da ita daidai ne. Da an bar maganar dutse sai su rabu. "Summit" ita ce taron ƙoli, irin wanda Tarayyar Afirka ta yi a Yamai cikin Yulin 2019, kuma wanda ya san "sommet" ta Faransanci ba zai sha wuya ba. "Peak" kuwa ta abin da ke hawa ya sauko ce: zafin bazara, cunkoson kasuwa, farashi. Tana kuma zama aikatau. In kana son cewa gero ya fi tsada a watan Agusta, kafin sabo ya shigo, sai ka rubuta "The price of millet peaks in August". Ba a sa "summit" a nan ko kaɗan.

A wajen furucin "peak", haɗe leɓɓanka gam kafin ka saki iska, don kada ta fito "fik". Ka kuma ja wasalin kamar yadda ake kiran madarar gwangwani ta Peak. In ka gajarta shi ka faɗi "pick", wato ɗauka ko tsinta.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Tsinin abu siriri, kamar allura ko yatsa, "tip" ne. Zankon zakara da kan tudun da hanya ke fara gangara daga gare shi, "crest". Kunyar gona "ridge". "Apex" ta darasin lissafi ce, amma jaridun Najeriya na kiran Babban Bankinsu "apex bank", Kotun Ƙoli kuma "apex court".

Maganar fifiko ta fi wuya. A kasuwar Jibiya za ka ji ana cewa "e big pass am" da Ingilishin buroka, kuma ginin ya yi daidai da "ya fi shi girma", shi ya sa yake saurin kama bakin Bahaushe. Ciniki zai ƙullu da shi, amma a takardar BEPC ko BAC jan biro zai sha. Ingilishin makaranta yana sauya siffar ne, sannan ya kawo "than". Gajeriyar kalma a ƙara mata "er": "taller than". Mai ƙarewa da baƙi ɗaya bayan gajeren wasali a ninka baƙin: "bigger". Mai ƙarewa da "y" a mai da "y" ɗin "i": "heavier". Doguwa a sa mata "more" a gaba: "more expensive than". Kada ka haɗa biyun. "More better" kuskure ne, domin "better" ta riga ta ɗauki fifikon. In abu ya fi duka, "the biggest market in Maradi" ake cewa. Masu Faransanci kan sa "of" a nan maimakon "in" saboda "de" da suka saba da ita.

In adadi ne ko iyaka aka ƙetare, "exceed" ce. Duba kwalin maganin da aka shigo da shi daga Kano, sau da yawa za ka ga "Do not exceed the stated dose", ma'ana kada a wuce adadin da aka ƙayyade. Lambar na bin ta kai tsaye: "exceed 50 kilos". Ba ta karɓar "than", ba ta karɓar "more than", don wucewar na cikinta. "Surpass" ta inganci ce da bajinta, kamar almajirin da ya zarce sa'o'insa, kuma a rubutu aka fi ganinta. A hira sai ta yi nauyi. A ƙwallo ko kokawa "beat" ake cewa, kuma ba ta sauyawa in an ba da labarin jiya: "they beat us". Motar da ta sha gaban wata a hanya ta yi "overtake", jiya "overtook", allon da ke cewa "No overtaking" kuma hani ne ga hakan. Faransanci na iya biyan buƙatar adadi da ta mota da "dépasser" kaɗai, don haka kada ka dogara da kalmar farko da ƙamus ya ba ka.

"Pass" ita ma tana da tarko ga wanda ya yi lakwal. "Passer un examen" zaman jarrabawa ne kawai, ko an ci ko an faɗi. A Ingilishi "I passed the exam" na nufin ka ci. In sakamako bai fito ba, abin da za ka rubuta a takardar neman aiki ko gurbin jami'a shi ne "I sat the exam" ko "I took the exam".