Yadda na rabu da ciwon baya a kan keken ɗinki

Ni tela ne a babbar kasuwar Katsina. Ɗinkin sallar bana ya bar ni da ciwo a ƙasan baya, daidai inda mazagi ke zama. Ruku'u ma sai na cije leɓe.

Na shafa man zafi, na yi ƙaho, na kwanta kwana uku cur. Kwanciyar ma ƙara sandarar da ni ta yi. Maganin rage ciwo, Ibuprofen, kuwa ya fara ƙona mini ciki, na watsar.

A asibiti likitan gashin ƙashi ya tambaye ni ko ƙafata na mutuwa, ko fitsari na kufce mini. Na ce a'a. Ya ce to tsoka ce, kuma zamana ne ya jawo.

Ashe kujerata ce ta yi ƙasa, kullum a dunƙule nake. Na sa kafinta ya ƙara mata inci 3, ya yi mata majingina, na nannaɗe tawul na tokare ƙugu da shi. Na saita ƙararrawar waya, duk minti 30 in miƙe in zagaya shago, yara na ta dariya. Bayan Asuba in kwanta rigingine a tabarma, in jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, in riƙe daƙiƙa 20, sau 5 kowace ƙafa. Da dare in gasa bayan da ruwan ɗumi a gora naɗe da zane, minti 15, sannan in kwana ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi.

Sati uku na koma cikakkiyar sujada. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa likitan nan da alheri.