Yadda za ka manna ledar kariya a tankin mashin ɗinka

Duk mai mashin ya san inda fenti yake fara mutuwa, bayan tanki ne daidai inda kan bel ko zif yake gogawa, sai gefe da gefe wajen gwiwa, sai kusa da murfin mai inda tarin makullai suke ta kaɗawa. Ga kuma ƙurar hunturu, mutum ya fito da safe ya ɗauko busasshen tsumma ya hau gogewa, alhali ƙurar nan yashi ne a cikinta, karce kawai yake ƙara wa tankin. Shi ya sa wasu suke naɗe tanki da salatif tun mashin yana sabo, to wallahi rana tana dukansa zai yi ja, gam ɗin ya narke ya kama fenti, ranar da ka zo ɓarewa sai ka gwammace ba ka sa ba.

Akwai leda ta musamman da aka yi don wannan aikin, masu sayarwa suna ce mata PPF, garau take ba kala, in an manna ta da kyau sai ka matso kusa za ka gane akwai ta. Asalinta ma ba ta mota ba ce, kamfanin 3M ne ya yi wa sojojin Amurka ita lokacin yaƙin Biyetnam don kare fukafukan jirgi mai saukar ungulu daga yashi. Yanzu ban da 3M akwai irin su XPEL da SunTek. Abin da za ka tambaya shi ne irin robar da aka yi ledar da ita, TPU ce ko PVC. TPU ita ce ta kirki, kaurinta wajen milimita 0.2, in ka ja ta tana miƙewa ta dawo, yawanci ma ƙananan karce suna ɓacewa da kansu in ta ji zafin rana ko ruwan ɗumi. PVC ta fi araha amma a ranarmu ɗin nan ba ta jimawa take komawa rawaya ta tsattsage, ni dai ban ba ka shawararta ba.

Kar ka ce sai ka rufe tankin gaba ɗaya da falle ɗaya. Tanki a lanƙwashe yake ta ko'ina, ko a Boxer ko a Haojue, wannan sai wanda hannunsa ya faɗa. Kai dai yi gunduwa-gunduwa, ɗaya a bayan tanki, biyu a wajen gwiwa, in leda ta ragu ka sa a sayid koba. Ka fara ɗora takarda a wajen ka zana siffar da biro, ka yanke, sannan ka ɗora ta kan ledar ka bi da almakashi. Kusurwoyin ka zagaye su, mai tsini ita ce take fara ɗagowa. Kuma don Allah kar ka yanka leda da reza a kan tanki, fentin da kake son karewa shi za ka tsaga.

Yanzu wanki, kuma gaskiya nan ne aikin yake. Ka wanke tankin tas da sabulu, ka bi da sifirit irin wanda ake kira isopropyl don ya cire maiƙo da folish, ban da tina, tina cin fenti take. Ka nemi ɗaki ko shago inda ba iska, ka ɗan yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, injin ya huce, hannunka ma a wanke. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin ledar nan kullum ka hau mashin ita za ka fara gani. In kuma ba a daɗe da yi wa tankin sabon fenti ba ka haƙura ya kai kamar wata ɗaya tukuna.

Ka haɗa ruwa kala biyu a robar feshi. Na farko ruwa ne da ɗigon shamfun jarirai kaɗan, shi ne mai santsi. Na biyu ruwa kashi 3 sifirit kashi 1, shi yake sa gam ya kama nan take. Ka feshe tankin da mai santsin, ka jiƙa yatsunka, kana ɓare takardar bayan ledar kana fesa wa gefen gam ɗin, kar ka yi rowar ruwa ko kaɗan. Ɗora ta, za ka ga tana zamewa, sai ka gyara mata zama yadda kake so. Ka fesa a samanta ma, sannan ka ɗauko roba mai laushi ta matse ruwa, in babu ka naɗe tsohon katin ATM da tsumma mai taushi, ka fara daga tsakiya kana tura ruwan zuwa baki, kowane ja ya ɗan hau kan na baya. Inda ta yi tattara a wajen lanƙwasa kar ka danne ta da ƙarfi, ɗago wajen a hankali, ka ƙara ruwa, ka ɗan hura mata diraya irin ta gashi daga nesa ta yi laushi sai ka ja kaɗan ka kwantar. Kaɗan fa na ce, in ka ja da yawa daga baya za ta koma ta bar baki a ɗage. Bakin da ya ƙi zama ka fesa masa ruwan sifirit ɗin ka danne da yatsa.

Da ka gama za ka ga kamar hazo-hazo da ƴan ƙananan ƙuraje na ruwa, kar hankalinka ya tashi kuma kar ka fasa su, cikin ƴan kwanaki suke bushewa. Ka bar mashin ya kwana a inuwa, wanki kuma sai bayan sati, kuma ka ce wa mai wankin kar ya saita bakin injin feshi a gefen ledar. Salansa da jikin injin ba a sa musu, narkewa za ta yi. A gidan mai in fetur ya zuba a kai ka goge a take don yana sa ta dafewa, yana kuma cin gam ta baki. Ranar da ta tsufa za ka cire, ka ɗumama ta da diraya ko ka bar mashin a rana ya ɗau zafi, ka ja a hankali, musamman in akwai sitikar kamfani a ƙasa don tana iya tahowa da ita.