Yadda Ake Lissafa Filin Jiki da Girman Ciki na Akwati, Silinda, Dala da Ƙwallo

Ɗalibai da yawa suna shiga wannan babi na lissafi da haddar ƙa'idoji goma sha wani abu, sai a wayi gari ranar jarrabawa ƙa'idojin sun cakuɗe musu, har su kasa bambance ta silinda da ta mazurari. A ganina laifin ba na ƙwaƙwalwarsu ba ne, na hanyar da suka bi ne. Tunani biyu kacal ke riƙe da babin nan gaba ɗaya: filin jiki ana samunsa ne idan aka warware siffa aka shimfiɗa ta, girman ciki kuwa ana samunsa ne idan aka ninka filin gindi da tsayi. Wanda ya riƙe waɗannan biyun zai iya sake gina kusan kowace ƙa'ida da kansa ko da ta ɓace masa.

Mataki na farko: gane abin da ake tambaya

Kafin ka taɓa alƙalami, tambayi kanka ko maganar bayan abu ake yi ko ta cikinsa. Idan tambayar ta shafi fenti, ko takardar naɗe akwati, ko ƙarfen da za a yanka a ƙera tanki, to filin jiki ake nema, wato jimlar filin duk fuskokin da hannu zai iya shafawa. Idan kuwa ta shafi ruwan da tanki zai ɗauka, ko iskar da ke cikin ɗaki, ko yashin da zai cika rami, to girman ciki ake nema.

Ma'aunin amsa ma yana bin wannan bambanci. Ana auna fili da ƙananan murabba'ai, shi ya sa ake rubuta cm² ko m². Ana auna girman ciki da ƙananan kiyub, wato akwatuna masu tsawo da faɗi da tsayi daidai wa daida, shi ya sa ake rubuta cm³ ko m³. Amsar da ba ta da ma'auni rabin amsa ce.

Mataki na biyu: zana siffar, ka daidaita ma'aunai

Zana siffar ko da zanen bai yi kyau ba, sannan ka rubuta kowane adadi a gurbinsa. Idan an ba ka wani gefe da mita wani kuma da santimita, mayar da su ma'auni ɗaya tun kafin ka fara ninkawa. A siffofi masu da'ira kuma ka lura da kyau ko radiyos aka ba ka, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar da'ira da bakinta, ko kuwa dayamita, wato layin da ya ratsa tsakiya daga baki zuwa baki. Dayamita ninki biyu ce ta radiyos, kuma ƙa'idojin da ke tafe duk da radiyos suke aiki.

Mataki na uku: fara da akwati

Ɗauki kwali ka yanka gefunansa ka shimfiɗa shi a ƙasa, za ka ga fuskoki shida, kowace da tagwaiyarta: sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu. A ce akwatin yana da tsawon santimita 8, faɗin santimita 5 da tsayin santimita 3. Ƙasa ita ce 8 × 5 = 40, gaba ita ce 8 × 3 = 24, gefe kuma 5 × 3 = 15. Jimlarsu 79, kuma tunda kowace biyu ce, filin jikin akwatin shi ne 158 cm².

Wajen girman ciki, ka ɗauka cewa kana jera ƙananan kiyub masu santimita 1 a cikin akwatin. Shimfiɗa ta farko za ta ci kiyub 40, domin filin gindin ke nan, kuma shimfiɗa uku ake buƙata kafin a kai baki. Saboda haka girman ciki shi ne 40 × 3 = 120 cm³. Abin da ake nufi ke nan da filin gindi sau tsayi, kuma shi za mu yi ta komawa gare shi.

Kiyub akwati ne da gefunansa duka suke daidai, don haka ba ya buƙatar dogon bayani: filin fuska ɗaya sau shida, girman ciki kuma gefe sau gefe sau gefe. Kiyub mai gefen santimita 6 yana ba da 216 a duka lissafin biyu, amma na farko 216 cm² ne, na biyu 216 cm³, kuma dacewar adadin ba ta mayar da su abu ɗaya ba.

Duk siffar da gindinta da samanta suke iri ɗaya, bangonta kuma a miƙe, wadda ake kira firizim, haka ake yi mata, ko gindin nata alwatika ne ko mai kusurwa shida. Nemo filin gindin, ka ninka da tsayi.

Mataki na huɗu: silinda

Silinda, kamar gwangwani ko bututu ko ganga, ita ma firizim ce, illa dai gindinta da'ira ne. Abubuwa biyu na da'ira kake buƙata: filinta πr², da kewayenta 2πr, inda r ke nufin radiyos, π kuma adadin da ake samu idan aka raba kewayen da'ira da dayamitarta. Adadin π a makaranta ana ɗaukarsa 22/7 ko 3.14, kuma dukansu kusantawa ce kawai, domin ainihin adadin ba ya ƙarewa kuma ba a iya rubuta shi a matsayin kaso na lambobi biyu. Yi amfani da wanda tambaya ta ce, idan kuma ba ta ce ba, 22/7 ya fi sauƙi duk lokacin da bakwai ke iya raba radiyos.

Abin da ke rikita mutane shi ne lanƙwasasshen bango. Ka ɓare takardar da aka liƙa a jikin gwangwani ka miƙe ta, sai ka ga murabba'i ce mai dari. Tsayinta shi ne tsayin gwangwanin, tsawonta kuma shi ne kewayen da'irar, tunda da ma ita ta zagaye shi. Daga nan ƙa'idar 2πrh ta fito, inda h ke nufin tsayi, ba daga wani wuri ba.

A ce radiyos santimita 7 ne, tsayi santimita 10. Filin da'ira shi ne 22/7 × 7 × 7 = 154 cm², kewaye kuma 44 cm. Bango ya zama 44 × 10 = 440 cm². Idan silindar a rufe take sama da ƙasa, sai a ƙara da'ira biyu: 440 + 308 = 748 cm². Idan ba ta da murfi, da'ira ɗaya ce za a ƙara, amsar ta zama 594 cm², kuma wannan kalma ɗaya ta "buɗaɗɗiya" ko "rufaffiya" a cikin tambaya tana yawan jawo asarar maki. Girman ciki shi ne 154 × 10 = 1,540 cm³.

Mataki na biyar: siffofi masu tsini

Dala da mazurari suna farawa da gindi mai faɗi, su yi ta tsukewa har su ƙare a tsini. Girman cikinsu sulusi ne, wato kashi ɗaya cikin uku, na firizim ko silindar da ke da gindi da tsayi irin nasu. Ina son ɗalibi ya ga dalilin wannan sulusin maimakon ya karɓe shi ido rufe. Ɗauki kiyub ɗin nan mai gefen santimita 6, ka ja layi daga kowace kusurwa zuwa tsakiyar cikinsa. Kiyub ɗin ya rabu zuwa dala shida iri ɗaya, kowace gindinta fuska ɗaya ce ta kiyub, tsininta kuma yana tsakiya. Tunda duka 216 cm³ ne, kowace dala ta sami 36 cm³. Filin gindinta 36, tsayinta 3, ninkinsu 108, kuma 36 sulusin 108 ne. A mazurari kuwa gwajin hannu ya isa: cika mazurarin takarda da yashi ka juye a silindar da ta yi daidai da shi a gindi da tsayi, sau uku za ka juye kafin ta cika. Tsoffin Girkawa sun jingina gano wannan ga Dimokiritus, hujjarsa ta lissafi kuma ga Yudoksus.

A nan akwai tsayi iri biyu, kuma haɗa su shi ne kuskure mafi girma a babin. Akwai miƙaƙƙen tsayi, daga tsini zuwa tsakiyar gindi, wanda girman ciki ke buƙata. Akwai kuma karkataccen tsayi, wanda ke gangarowa ta bayan siffar, shi kuma filin jiki ke buƙata. Su biyun tare da radiyos (ko rabin gefen gindi a dala mai gindin murabba'i) suna haɗa alwatika mai kusurwar digiri 90, don haka ƙa'idar Fitagoras ke fitar da wanda ba a bayar ba: idan aka ninka kowane gajeren gefe da kansa aka tara, jimlar daidai take da dogon gefe, wato karkataccen tsayi, sau kansa.

Ga mazurari mai radiyos 7 da miƙaƙƙen tsayi 24. 7 × 7 = 49, 24 × 24 = 576, don haka karkataccen tsayi shi ne tushen 49 + 576, wato tushen 625, wanda ya zama 25, domin 25 × 25 = 625. Filin bango shi ne π sau radiyos sau karkataccen tsayi: 22/7 × 7 × 25 = 550 cm². Da gindi, 550 + 154 = 704 cm². Girman ciki kuma sulusin 154 × 24 ne, wato 1,232 cm³.

Dala mai gindin murabba'i ba ta da wata ƙa'ida ta musamman, gindi ne da alwatika huɗu. Idan gefen gindi 6 ne, miƙaƙƙen tsayi 4, to rabin gefe 3 ne, karkataccen tsayi kuma 5. Kowace alwatika ½ × 6 × 5 = 15, huɗun sun zama 60, da gindi 36 jimla 96 cm². Girman ciki sulusin 36 × 4 ne, wato 48 cm³. Wannan lissafin ne dai za ka yi wa babbar dalar Giza ta ƙasar Masar, wadda gefen gindinta ya kai kimanin mita 230, tsayinta na asali kuma kimanin mita 146.6, ka sami girman da ya kusa m³ miliyan 2.6.

Mataki na shida: ƙwallo

Ƙwallo ita ce siffar da ta ƙi shimfiɗuwa, domin duk yadda ka yanka ta ba za ta kwanta sumul ba, dalilin da ya sa kowace taswirar duniya take da ɗan gurɓata ke nan. Filin jikinta 4πr² ne, wato ninki huɗu na da'irar da za ka gani idan ka raba ta gida biyu. Girman cikinta kuma 4/3 πr³.

Wanda ya tabbatar da waɗannan shi ne Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin Miladiyya. Ya nuna cewa idan aka sanya ƙwallo a cikin silindar da ta matse ta ta kowane gefe, ƙwallon tana cin kashi biyu cikin uku na girman cikin silindar, filin jikinta ma kashi biyu cikin uku ne na filin jikin silindar. Wannan sakamako ya ƙayatar da shi har ya nemi a zana siffofin biyu a kan kabarinsa. Amfaninsa ga ɗalibi shi ne, idan ƙa'idar ƙwallo ta ɓace maka, silinda za ta dawo maka da ita. Da radiyos 7, silindar tana da tsayi 14, girman cikinta 154 × 14 = 2,156, kashi biyu cikin uku kuma 1,437⅓ cm³. Filin jikin silindar 616 + 308 = 924, kashi biyu cikin uku 616 cm², kuma 4 × 154 ma 616 ne.

Rabin ƙwallo marar rami yana da lanƙwasasshiyar fuska 308 da kuma shimfiɗaɗɗiyar da'ira 154, jimla 462 cm². Ana yawan manta da'irar nan.

Mataki na bakwai: siffofin da aka haɗa

Idan aka ɗora mazurarin nan na sama a kan silindar da muka lissafa, girman ciki tarawa ce kai tsaye: 1,540 + 1,232 = 2,772 cm³. Filin jiki ba haka yake ba, domin murfin silinda da gindin mazurari sun haɗe sun ɓuya, hannu ba zai kai gare su ba. Abin da ya rage a waje shi ne da'irar ƙasa, bangon silinda da bangon mazurari: 154 + 440 + 550 = 1,144 cm². Inda aka rarake rami a cikin siffa kuwa, ana ɗebe girman ramin daga girman ciki, amma bangon ramin ƙari ne a filin jiki.

Mataki na takwas: sauya ma'auni da duba amsa

Mita ɗaya santimita 100 ce, amma 1 m² ba 100 cm² ba ce, 10,000 cm² ce, domin ɗari sau ɗari ake yi. Haka 1 m³ ta zama 1,000,000 cm³. Lita ɗaya 1,000 cm³ ce, 1 m³ kuma lita 1,000. Tanki mai siffar silinda da dayamitarsa mita 1.4, tsayinsa mita 2, yana da radiyos 0.7, filin gindi 1.54 m², girman ciki 3.08 m³, wato lita 3,080. Wanda ya sa 1.4 a gurbin radiyos zai sami lita 12,320, ninki huɗu na gaskiya.

Wannan ninki huɗun yana da dalili, kuma hanya ce mai kyau ta duba amsa. Idan aka ninka kowane gefe na siffa sau biyu, filin jikinta yana ninkuwa sau huɗu, girman cikinta sau takwas: kiyub mai gefe 2 yana da 24 cm² da 8 cm³, mai gefe 4 kuma yana da 96 cm² da 64 cm³. Kafin ka ja layi a ƙarƙashin amsarka, kwatanta ta da akwatin da siffar za ta shige ciki. Silindar da ke da radiyos 7 da tsayi 10 tana shiga akwati mai 14 × 14 × 10, wato 1,960 cm³, saboda haka 1,540 ta yi daidai da hankali, duk amsar da ta haura 1,960 kuwa sai a koma a binciki inda aka yi tuntuɓe.