Yadda Ake Yawon Duwatsu da Keke da Ƙafa a Karkarar Kano da Jigawa

Wanda ya saba bin manyan tituna a mota yana iya ɗauka cewa ƙasar Kano da Jigawa shimfiɗe take kamar faifai, alhali kuwa da zarar ya ratse daga kwalta zai tarar da duwatsun da suka cancanci a ba su yini guda. Garin Dutse, wanda ya zama babban birnin Jigawa a 1991, daga duwatsun da suka kewaye shi ya samo sunansa. A Birnin Kudu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, masu ɗauke da zanen shanu na mutanen da. A kudancin Kano akwai duwatsun Rano da na Rurum, kusa da madatsar ruwa ta Tiga wadda aka kammala a 1974, sannan can gaba a ƙaramar hukumar Doguwa akwai tsaunukan Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Keke yana kai mutum gindin dutse, daga nan kuma ƙafa ta karɓa. Shawarata ita ce a fara shirin tafiyar daga ƙarshenta, wato daga saukowa da komawa gida, domin hawa ƙarfi kawai yake nema, saukowa kuwa ita ce take kayar da mutane.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu, bayan ruwa ya ɗauke kuma kafin zafi ya kankama, ko da yake idan hazo ya yi kauri a tsakiyar hunturu mutum zai kai ƙololuwa bai hango komai ba. A bazara zafi yana wuce digiri 40, kuma dutsen yana riƙe shi har mai hawa ya ji ƙuna ta cikin takalmi. A damina kuwa falalen dutse yana yin santsi da gansakuka, kuma saman dutse mummunan wuri ne ga wanda tsawa ta riska. A tashi bayan sallar asuba, kuma tun a gida a tsayar da lokacin juyowa, misali ƙarfe goma na safe, a kuma cika wannan alkawari ko an kai sama ko ba a kai ba.

Ba sai an sayi keke mai giya ba. Tsohon Raleigh ko Phoenix da manoma suke ɗaukar buhu da shi ya isa, muddin birkinsa yana ci. A nan ne nake son a dakata, domin mu mutanen fili mun saba da keken da ake tsayar da shi da ƙafa, kuma wannan sabo yana da haɗari a gangara. Na taɓa gangarowa wata hanyar marmara a yankin Rano da robar birkin da ta cinye har ƙarfe ya fito, na matsa iya ƙarfina amma keken bai saurare ni ba, sai da na karkatar da shi cikin kunyoyin wata gonar dawa kafin ya tsaya, kuma na yi makonni ina jinyar gwiwa. Tun daga ranar ba na fita sai na sa sabuwar roba gaba da baya, na matsa kowane birki shi kaɗai na tura keken na ga tayar ta ƙi juyawa. A gangara a ja jiki baya a kan sirdi, a matsa birkin biyu tare a hankali, ana matsawa ana ɗan sassautawa, kada a danne na gaba shi kaɗai, domin zai wuntsila mahayi ta saman kan keken. Inda hanya ta cika da tsakuwa ko zaizayar ruwa ta tsaga ta, babu laifi a sauka a tura.

Abokin gaba na biyu shi ne ƙaya, musamman tsidau, wanda yake kwance a gefen turba yana jiran taya. A ɗauki famfo da tsohon tiyub na yin faci da sholisho da sifana da ɗan ƙarfen cire taya, domin mai faci ba ya zama a gindin dutse. Idan an yi faci, a zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har a taɓo tsinin ƙayar a zare shi, in ba haka ba sabon facin ba zai yi nisa ba. A yankunan Jigawa masu rairayi, ɗan rage iskar taya yana taimakawa.

Kowane dutse yana da masu shi. Idan an isa ƙauyen da ke gindinsa, a nemi mai unguwa ko dagaci, a yi sallama, a durƙusa a gaisa, sannan a faɗi abin da ya kawo mutum: “Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, mun zo ganin dutse, muna neman izini da kuma wanda zai nuna mana hanya.” A irin wannan zama ne wani dattijo ya taɓa ce mini, “Yaro, ku bi ta gabas, ta yamma akwai zuma a kogo, ko awaki ba sa bi.” Wannan bayani babu shi a taswirar waya. Su ne kuma za su faɗi inda maƙabarta take, da wurin da ba sa son baƙo ya taka, da halin da ake ciki game da tsaro. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci a hanyar Riruwai, domin tana ratsa dajin Falgore, wanda ya sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, don haka kada a tunkare shi sai da tabbacin mutanen wurin, kuma da rana. A bar kekuna a zauren wanda aka amince da shi, a sallami ɗan rakiya da abin kirki, kada a ratsa gonar da ba a girbe ba, kuma idan an haɗu da garke a burtali a tsaya a gefe har ya wuce.

Wajen hawa, takalmi mai taushin roba da ke kama dutse ya fi silifa da takalmin fata nesa ba kusa ba. Kada a miƙe sama kai tsaye; a riƙa karkata dama da hagu, ana taka dukkan tafin ƙafa. Inda ya yi tsaye har sai an sa hannu, a tabbatar gaɓoɓi uku suna riƙe kafin a ɗaga na huɗu. Bayan kowane ɗan hawa a juya a dubi baya, a riƙe alama kamar wata kuka ko hasumiyar masallacin ƙauyen, domin dutse yana sauya kama idan ana kallonsa daga sama, kuma da yawa daga masu ɓata a saukowa suke ɓata. Duk inda mutum bai ga yadda zai sauko ba, kada ya hau shi. Idan an zo saukowa a lanƙwasa gwiwa, a taƙaita taku, a kula da ɓarɓashin tsakuwa da ke kan falale domin yana mirginawa a ƙarƙashin ƙafa, kuma a wuri mai tsayi a juya a fuskanci dutsen kamar mai sauka daga tsani.

Kada a zura hannu a tsaga ko a ƙarƙashin dutsen da ba a ga cikinsa ba, domin nan ne mafakar kunama da kububuwa da kasa. Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa ba tare da an tsaya gwada magani a hanya ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a tafi aƙalla mutum uku.

Kowa ya riƙe ruwa lita biyu zuwa uku, kuma rabinsa na saukowa ne da komawa. Dabino da ƙuli-ƙuli da gyaɗa sun isa guzuri. Wanda jiri ya kama a kai shi inuwa, a haɗa masa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa. Ruwan da ya kwanta a kwarmin dutse ba na sha ba ne, haka kuma a guji wanka a kududdufai da bakin madatsa saboda tsargiya.

Wanda ya nufi Birnin Kudu ya nemi masu kula da wurin su raka shi. Zanen, wanda Bernard Fagg, wani masanin kayan tarihi ɗan Birtaniya, ya yi nazarinsa a shekarun 1950 tare da duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa idan an ƙwanƙwasa su, ba ya jure taɓawa. Kada a shafa shi, kada a watsa masa ruwa don ya fito a hoto, kada a rubuta suna da gawayi ko fenti kusa da shi, domin abin da ya goge ba mai iya mayar da shi.

Bayan an sauko a koma wurin dagaci a shaida masa cewa an dawo lafiya kuma an cika, don kada ya tura mutane nema. Kafin a hau keke a juya tayoyin biyu a cire ƙayar da ta maƙale, a sake gwada birki, a kama hanya tun rana tana sama, domin yawancin kekunanmu ba su da fitila kuma turbar ƙauye ba ta da kyau bayan magariba.